Buckley da U-66: faɗan minti 16 da aka ci tun kafin a fara shi

Duk wanda ya taɓa jin sunan jirgin yaƙin Amurka USS Buckley, to da wuya in ba ta dalilin kofin shayi ya ji shi ba. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne, a daren 6 ga Mayu 1944, can yamma da tsibiran Cape Verde da ke tekun Atlantika daura da Afirka ta Yamma, Buckley ya auka wa jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus mai lamba U-66, ya hau kansa. Jamusawa suka riƙa darewa kan jirgin Amurkawa, aka kaure da dambe. Wanda bai sami bindiga ba ya rarumi abin da ke kusa: kwanson harsashin igwa, guduma, kofunan kofi masu kauri na sojan ruwa. Labarin gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. Sai dai ni a ganina shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya faru. Kafin Buckley ya hango U-66 da ido, an riga an gama da U-66. Waɗanda suka gama da shi kuwa, wasunsu suna zaune ne a ofis a Washington, ba su taɓa ganin tekun ba a wannan makon.

Bari mu fara da irin jirgin. Buckley ba babban jirgin yaƙi ba ne. Tsawonsa mita 93, nauyinsa tan 1,400, igwoginsa manya guda uku ne kacal masu bakin inci uku, waɗanda ko a lokacin ana ganinsu a matsayin ƙanana. Mutanen da ke cikinsa wajen 200. Iyakar gudunsa kilomita 44 a awa, alhali cikakken distiroya, wato jirgin yaƙi mai tsananin gudu na rundunar teku, yana wuce kilomita 65. Amurkawa suka kira irinsa distiroyan rakiya, kuma sunan ya faɗi aikin: ɗan rakiyar ayari ne, ba jarumin fagen daga ba.

Dalilin ƙera shi lissafi ne tsagwaronsa. Ingila tsibiri ce, abincinta da manta da ƙarafanta ta teku suke zuwa. Admiral Karl Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus, ya tsaya kan ra'ayi ɗaya: idan ana nutsar da jiragen kaya fiye da yadda ake ƙera sababbi, Ingila za ta durƙusa ko da ba a taka ƙasarta ba. Bai damu da inda aka nutsar da jirgi ba, ko a bakin New York ko a bakin Legas, tan dai tan ne. Maganin da aka sani tun Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne abin da fatakenmu suka sani tun kafin a yi jirgin tururi: kada kowa ya yi tafiya shi kaɗai, a haɗu a yi ayari, a sa masu makami gaba da baya da gefe. Matsalar ita ce 'yan rakiyar ba sa isa. Cikakken distiroya yana da tsada, yana cin lokaci wajen ƙira, kuma ɓarna ce a ɗaure shi da ayarin da ke jan jiki da kilomita 15 a awa. Abin da ake bukata jirgi ne mai araha, wanda ya ɗan fi jirgin ƙarƙashin ruwa gudu idan yana saman ruwa, wato ya wuce kilomita 33 a awa, mai iya juyawa da sauri, mai jure doguwar tafiya, wanda kuma za a iya zubo shi ɗari-ɗari.

Ingila ce ta fara roƙon Amurka ta ƙera mata irinsa a 1941, ƙarƙashin shirin ba da aron kayan yaƙi. Da Amurka ta shiga yaƙin sai ta ga ita ma shi take bukata. An ba da odar fiye da dubu, aka kammala 563, aka ba Ingila 78 daga ciki. Buckley shi ne ya ba da suna ga wani rukuni na waɗannan jiragen. An ƙera shi a Hingham da ke jihar Massachusetts, aka tura shi ruwa ranar 9 ga Janairu 1943, ya fara aiki ranar 30 ga Afrilu. Sunan na wani ƙaramin sojan ruwa ne, John D. Buckley, da aka kashe a Hawaii ranar harin Pearl Harbor.

Ko injinsa ma labarin ƙarancin kaya ne. Jiragen tururi masu gudu suna bukatar wasu manyan giyoyi da ke rage saurin juyawar inji kafin ya kai ga farfela, kuma masana'antun da ke iya yanka irin waɗannan giyoyi ba su da yawa, manyan jirage sun riga sun cinye su. Sai aka kauce: tururi ya juya janareta, janareta ya ba da wuta, wutar ta juya motocin lantarki da ke haɗe da farfela. Tsarin ya fi cin wuri, shi ya sa aka ƙara wa jikin jirgin tsawo, amma ya yi aiki.

Akwai wani abu da masu yabon waɗannan jirage ba su cika son faɗa ba: sun makara. A 1942, lokacin da aka fi kowane lokaci bukatarsu, lokacin da jiragen Jamus ke cin karensu babu babbaka a gabar Amurka, an ture aikin ƙera su gefe don a yi jiragen sauke sojoji a gaɓa. Watan da yaƙin Atlantika ya juya shi ne Mayu 1943, inda Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa fiye da 40 a wata guda, har Dönitz ya janye sauran daga arewacin tekun. A lokacin Buckley bai fi wata ɗaya da fara aiki ba. Daga Yuli 1943 zuwa Afrilu 1944 ma makaranta aka mai da shi. Yana zirga-zirga a gabashin Amurka yana koyar da hafsoshi da sojojin da za su hau 'yan'uwansa da ake ta fitarwa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yawancin mutanen da ke cikin waɗannan jirage ba sojan ruwa ba ne na asali: ɗalibai ne, da manoma, da akawuna, da yaran da ba su taɓa ganin teku ba. Shi kansa kyaftin ɗin Buckley, Brent Abel, lauya ne ɗan shekara 28 daga rundunar ko-ta-kwana. Jirgi ana iya ƙera shi cikin watanni, amma kunnen da zai bambance ƙarar kifi da ƙarar farfela a na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa sai an koyar.

To tunda sun makara a aikin kare ayari, yawansu ya buɗe wata ƙofar. Da 'yan rakiya suka wadata, sai aka sami rarar da za a tura farauta. Maimakon a jira kura ta zo garke, sai a bi ta har raminta. Aka riƙa haɗa ƙaramin jirgin dakon jiragen sama guda ɗaya da 'yan rakiya huɗu ko biyar, a sake su cikin teku. Cikin irin wannan tawaga Buckley ya shiga ranar 22 ga Afrilu 1944, tare da jirgin dako mai suna Block Island.

Yanzu sai mu koma ga wanda ake farauta, don a nan ne labarin ya taɓo mu. U-66 ba baƙo ba ne a harkar. Babban jirgi ne na dogon zango, yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka kai hari gabar Amurka a Janairu 1942, inda ya nutsar da jirgin fasinjan Kanada Lady Hawkins, mutane wajen 250 suka halaka. A tsawon aikinsa ya nutsar da jiragen kaya 33, nauyinsu ya haura tan 200,000, abin da ya sa shi cikin waɗanda suka fi ɓarna a duk yaƙin. Ranar 16 ga Janairu 1944 ya bar tashar Lorient da ke Faransa ƙarƙashin kyaftin Gerhard Seehausen, ya nufo Afirka ta Yamma.

Me ya kawo shi nan? Tunda arewacin Atlantika ya zama makabarta, Dönitz ya koma neman wuraren da tsaro ke da rauni, kuma gabar mashigin tekun Gini na cikinsu. Ga shi kuma hanya ce mai kaya. Gyaɗar Kano da jirgin ƙasa ke saukewa a Apapa, man ja da kwarar manja daga kudu, auduga, fatu, da kuzar Jos wadda ta zama kamar zinariya bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, har gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa tilasta wa mutanen Arewa aikin haƙar ta: duk ta wannan ruwan suke bi. Ta nan kuma aka kwashi sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya, daga can zuwa Bama. Tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris 1944, U-66 ya nutsar da jirage huɗu a wannan yanki. Biyu daga cikinsu sunayensu ba baƙi ba ne ga tsofaffin 'yan kasuwarmu. Ɗaya shi ne John Holt, na kamfanin nan na Liverpool da ake ce wa Janhol, wanda aka nutsar a kudu da gabar Nijeriya. Ɗayan Matadian ne, na kamfanin UAC. Daga John Holt, Jamusawan sun ɗauki kyaftin ɗin jirgin da fasinja ɗaya a matsayin fursunoni, suka shigar da su ciki. A riƙe wannan a rai.

Zuwa kam an zo, saura komawa. Daga gabar Nijeriya zuwa Faransa tafiya ce mai nisa, kuma man U-66 da abincinsa sun yi ƙasa. Dabarar Jamus ga irin wannan ita ce wasu manyan jiragen ƙarƙashin ruwa na dakon mai da abinci, waɗanda su da kansu suka raɗa wa suna shanun tatsa. Guda goma kaɗai suka ƙera. Ana sa musu wurin haɗuwa a tsakiyar teku, jirgin da ya ƙare da guzuri ya zo ya sha ya wuce. Amma kafin a haɗu sai an yi magana, kuma magana ta rediyo ake yin ta.

Nan ne raunin tsarin Dönitz gaba ɗaya. Mutum ne mai son ya riƙe linzamin kowane jirgi daga hedikwata, don haka saƙonni ba sa yankewa: kana ina, man nawa ya rage, je ka wuri kaza ranar kaza. Ya dogara da na'urar ɓoye saƙo ta Enigma, yana ganin babu mai iya karanta ta. Amma tun Disamba 1942 masana a Bletchley Park da ke Ingila sun sake fasa tsarin da jiragen ƙarƙashin ruwa ke amfani da shi, bayan da aka ciro wasu takardu daga U-559 a tekun Bahar Rum kafin ya nutse. Zuwa 1944 Amurkawa sun ƙera injinan fasa saƙo masu sauri da yawa a Washington, har ana karanta saƙonni da dama cikin ɗan lokaci. Sun kuma kafa abin da suka kira Runduna ta Goma, rundunar da ba ta da jirgi ko ɗaya, aikinta kawai tattara bayanai da nuna wa mafarauta inda za su dosa. Ko saƙon da ba a karanta ba ma yana tona asiri, domin akwai na'urar da ke gano ɓangaren da siginar rediyo ta fito. Tasha biyu ko uku su ja layi a taswira, inda layukan suka haɗu nan mai maganar yake.

Amurkawa sun fahimci cewa kashe saniyar tatsa ɗaya ya fi kashe jiragen farmaki uku, don duk wanda ya dogara da ita ya shiga uku. Turawan Ingila sun ɗan yi ɗari-ɗari da wannan, suna tsoron kada yawan bayyana daidai wurin haɗuwa ya sa Jamus ta gane ana karanta wasiƙunta. Tsoron yana da hujja, amma Jamusawa sun ci gaba da ɗora laifin kan na'urar rada mai hango jirgi daga nesa, da 'yan leƙen asiri. Saniyar da U-66 ke jira ita ce U-488. Ranar 26 ga Afrilu 1944, 'yan rakiya huɗu na tawagar wani jirgin dakon mai suna Croatan suka nutsar da ita da duk mutanen cikinta. U-66 ya rage a tsakiyar teku, kwana fiye da ɗari da barin gida, mai ya kusa ƙarewa, mutane sun rame saboda rashin abinci mai gina jiki.

Daga farkon Mayu tawagar Block Island ta sa shi gaba. Jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani, a gaskiya, jirgin saman ruwa ne mai iya nutso na ɗan lokaci. A ƙasa da batir yake tafiya, a hankali, kuma dole ya fito ya kunna injin dizal ya caja batir ya shaƙi iska. Da can dare ne mafakarsa. Amma Block Island ya cire makamai daga wasu jiragensa na sama samfurin Avenger, ya ƙara musu tankin mai, don su kwana suna shawagi da rada. Duk lokacin da U-66 ya ɗago kai sai ya ji motsi ya koma. Ranar 5 ga Mayu Seehausen ya aika saƙo gida yana kukan cewa shan mai ba zai yiwu ba saboda bin sawun da ake masa, kuma tsakiyar Atlantika ta fi mashigin Biscay da ke gabar Faransa muni. Wannan kukan ma an ji shi, an kuma ja masa layi a taswira.

Bayan ƙarfe 2 na dare, wani matuƙin Avenger mai suna Jimmie Sellars ya gan shi a saman ruwa. Ba shi da bam ko ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya riƙa kewayawa yana yi wa Buckley kwatance ta rediyo, shi kuwa Buckley yana nesa da kilomita talatin da wani abu, ya taho da iyakar gudunsa. Farin wata ne tar. U-66 bai nutse ba. Da Buckley ya matso sai Jamusawan suka harba jajayen fitilu uku sama, alamar neman a san juna, kamar suna zaton wani nasu ne ya zo. Abel ya yi shiru har tazarar ta rage kusan kilomita biyu, sannan wajen ƙarfe 3:20 ya buɗe wuta. Harbin farko ya samu. U-66 ya saki topido, wato bam mai gudu cikin ruwa, bai dace ba, ya riƙa kauce-kauce, jiragen biyu suka jera suna gudu kafaɗa da kafaɗa har tazararsu ta koma 'yan mitoci. Sai Abel ya juya kan jirginsa ya hau bisa gaban U-66.

Daga nan ne labarin kofi. Mutane suka fito daga cikin jirgin da ke cin wuta, wasu suka kama igiyoyi da ƙarafan gaban Buckley suka hau. Igwogi ba sa iya sunkuyawa su harbi abin da ke ƙarƙashin hancinsu, sai aka koma hannu. Abel ya ja da baya don kada ƙarin mutane su hau, aka tsare 'yan kaɗan da suka rage a kan jirgin. U-66, da injinsa ke aiki har lokacin, ya zabura gaba, sannan ya karkato ya daki Buckley a gefen dama wajen ɗakin inji, ya lalata masa farfela ɗaya. Amurkawa suka jefa gurneti ta ƙofar hasumiyarsa. Ya wuce yana ci da wuta, ya nutse, aka ji fashewa daga ƙasa. Duka-duka minti 16.

An daɗe ana ba da labarin kamar Jamusawan sun hau ne don su ƙwace jirgin. Ni ban gamsu ba. Mutanen da suka yi wata kusan huɗu a cikin bututun ƙarfe, yunwa ta ci su, jirginsu na cin wuta, harsashi na zuba a kansu, idan suka ga wani abu mai tsayi a gabansu za su hau shi ne don tsira. Wataƙila akwai masu niyyar faɗa a cikinsu, amma sakamakon ya nuna inda rinjaye yake: babu Ba'amurke ko ɗaya da ya mutu. Ba kuma zan zargi matasan Buckley ba. Cikin dare, abokin gaba na hawowa jirginka yana ihu da harshen da ba ka ji, ba lokacin tambaya ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: Buckley, da ramin da ke jikinsa, ya yi awa uku yana kewaya wurin yana tsamo mutane. Ya ceci 36. Sauran 24 sun tafi da jirgin, har da Seehausen. Kyaftin ɗin John Holt da fasinjansa, waɗanda suka yi wata biyu a tsare a ciki, su ma ba su fito ba.

Shin karon da Abel ya yi daidai ne? Manyan sojan ruwa, musamman na Ingila, ba sa son wannan dabara, kuma suna da dalili. A Maris 1943 jirgin Ingila Harvester ya yi karo da U-444, ya gurgunce, kafin a kawo masa ɗauki wani jirgin Jamus ya zo ya nutsar da shi. A Nuwamba na shekarar, distiroyan Amurka Borie ya hau kan U-405, ya ci nasara, amma ya lalace har sai da nasa suka nutsar da shi washegari. Buckley yana da makaman da aka yi shi dominsu: gangunan bam da ake gangarawa ta baya su fashe a zurfi, da wani makami da ake kira Hedgehog, wato bushiya, mai watsa ƙananan bama-bamai 24 gaba, waɗanda ba sa fashewa sai sun taɓa jikin jirgi. Amma duk waɗannan na abokin gaban da ya nutse ne. Wanda ke saman ruwa, kusa da kai, da topido a bututunsa, kuma ƙananan igwoginka ba su da tabbacin huda kaurin jikinsa, lissafinsa daban ne. Abel ya zaɓi abin da zai gama maganar nan take. An ba shi lambar yabo ta Navy Cross. Abin lura shi ne a 1944 Amurka tana iya ɗaukar asarar: ɗan rakiya ɗaya ya tafi gyara, goma na jiran aiki. A 1942 da kyaftin ya yi haka, da ayari guda ya tafi da giɓi a gefensa.

Kada kuma a ɗauka cewa tekun ya zama lafiya lau. Buckley ya lallaɓa da farfela ɗaya zuwa New York. Yana can ana gyaransa, ranar 29 ga Mayu, U-549 ya ratsa tsakanin 'yan rakiya a kusa da tsibiran Kanari ya nutsar da Block Island kansa, ya kuma illata ɗan rakiya Barr, kafin sauran su nutsar da shi a daren. Shi ne kaɗai jirgin dakon jiragen sama da Amurka ta rasa a Atlantika.

Sauran tarihin Buckley irin na yawancin 'yan'uwansa ne, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Ya fito daga gyara a tsakiyar Yuni 1944, ya raka ayari biyu zuwa Arewacin Afirka tsakanin Yuli da Nuwamba, ya ci gaba da sintiri da rakiya a arewacin Atlantika cikin sanyi da igiyar ruwa. Ranar 19 ga Afrilu 1945, saura makonni kaɗan Jamus ta miƙa wuya, shi da ɗan'uwansa Reuben James suka nutsar da wani jirgin ƙarƙashin ruwan, wannan karon ba tare da dambe ba. Bayan yaƙi aka mai da shi jirgin gadi mai ɗauke da rada, aka ajiye shi a 1946. Ya yi shekara fiye da ashirin a ɗaure a tasha, aka cire sunansa daga rajista a 1968, aka sayar da shi ga masu yanka ƙarfe a shekarar da ta biyo.